Ko ana iya mallakar lissafi? Abin da dokar fatent ta yarda da shi da abin da ta hana

A ce matashi ne a Kano ya shafe watanni yana rubuta manhajar rabon gado. Ka shigar mata da magada, ta fitar da asalin mas'ala, ta ba kowa nasa. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji yana da rabi, su biyun suna da biyu bisa uku, asali shida ne, amma uku da huɗu sun tashi bakwai. Manhajar ta gane auli ya shigo, ta mayar da asalin bakwai ba tare da an taɓa ta ba. Aiki ne na a yaba. To zai iya zuwa Abuja ya yi wa wannan lissafi rajista da sunansa, yadda duk wanda ya zo da irinsa sai ya biya shi?

Ba zai iya ba. Amma idan aka tsaya a nan an cuci masu ƙirƙira, domin akwai mutanen da lissafi ne ƙashin bayan aikinsu kuma doka tana iya kare su, matuƙar sun san abin da za su nema da yadda za su rubuta shi.

Fatent, wato takardar mallakar ƙirƙira, ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da gwamnati. Kai ka fito da sirrin aikinka fili, ka rubuta shi dalla-dalla yadda duk wani ƙwararre a fannin zai iya karantawa ya yi. Ita kuma gwamnati ta hana kowa ƙera abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi ƙasar ba da izininka ba, har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takardun nema. A Najeriya dokar da ke tafiyar da wannan ta 1970 ce, kuma sashenta na farko ya gindaya sharaɗi uku: abin ya zama sabo, ya zama akwai basirar ƙirƙira a cikinsa wadda ba kowane ma'aikacin fannin zai hango ta kai tsaye ba, sannan ya zama ana iya ƙera shi ko aiki da shi a wata sana'a, har da noma. A ƙarshen sashen sai dokar ta ce ƙa'idoji da binciken da aka gano na kimiyya ba ƙirƙira ba ne a wurinta. Lissafi zalla nan ya faɗa. Ba ta ambaci manhajar kwamfuta da suna ba, ba ta hana ba kuma ba ta halatta ba, don haka lauyoyi kan waiwayi hukunce-hukuncen Amurka da Turai. Ba dole ba ne alƙalin Najeriya ya bi su, amma yana iya ɗaukar haske daga gare su.

Ina ganin wannan hani daidai ne, kuma ina so a fahimci dalilinsa. Ƙa'idar lissafi kayan aiki ce da kowane mai ƙirƙira yake buƙata kafin ya ƙirƙiri komai. A 1732 Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, malamin da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta hanyoyin gina hatimin lambobi mai gidaje mara, irin wanda kowane layi nasa, a tsaye da a kwance da a karkace, yake ba da jimla ɗaya. Duk ɗalibin da ya koyi hanyar ta zama tasa, yana iya ɗora wani abu a kai ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Da a ce ana killace irin wannan, da wanda ya riƙe ƙa'ida ɗaya ya tare hanyar ayyuka dubu waɗanda shi kansa bai taɓa tunaninsu ba.

Wannan tsoro ne ya sa Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da buƙatar Benson a 1972. Abin da aka nema shi ne mallakar hanyar juya lamba daga wani salon rubutu na kwamfuta zuwa wani. Lamba 53 ana iya rubuta ta gida-gida, biyar daban uku daban, 0101 0011, ana kuma iya rubuta ta a dunƙule, 110101. Masu neman sun samo matakan juya na farkon ya koma na biyun. Kotu ta ce hanyar ba ta da wani amfani na zahiri sai a cikin kwamfuta, kuma ba a ɗaure ta da wata na'ura ko wani aiki takamaimai ba, saboda haka ba su fatent daidai yake da ba su lissafin kacokan. A 1978 aka zo shari'ar Flook, inda wani ya kawo fomular sabunta matakin da ƙararrawar gargaɗi za ta kaɗa a wurin sarrafa sinadaran man fetur. A nan akwai masana'anta a cikin zancen, amma kotu ta lura babu sabon abu in ban da fomular, ambaton ƙararrawar kuma ado ne aka liƙa a ƙarshe. Aka hana.

Shari'ar da ya kamata injiniyoyin Sharaɗa da Bompai da Challawa su karanta da kyau ita ce ta Diehr, 1981. Matsalar ta masu gasa roba ce. Ana zuba ɗanyar roba a cikin ƙwarya ta ƙarfe, a matse, a gasa na wani lokaci. In lokacin ya gaza, roba ba ta nuna ba. In ya zarce, ta lalace. Akwai fomular Arrhenius, masanin ƙasar Suwidin, wadda tun 1889 aka san ta, kuma tana ba da lokacin gashi idan an san zafin. Abin da ya gagara shi ne sanin zafin na gaskiya, domin duk sanda aka buɗe injin a zuba sabuwar roba sai ya huce, masu aiki kuma su yi ƙiyasi. Masu ƙirƙirar sai suka dasa ma'aunin zafi a cikin ƙwaryar kanta, yana aika wa kwamfuta zafin a kai a kai, kwamfutar tana sake lissafa lokacin da fomular, lokaci na cika ta buɗe injin da kanta. Alƙalai biyar suka yarda, huɗu suka ƙi. Masu rinjaye suka ce waɗannan mutane hanyar gasa roba suka nema, fomular tana nan ga kowa, wanda ya ga dama ya yi aiki da ita a wani wuri. Ɗanyar roba ta shiga, gasasshiya ta fito, abu ya canja a zahiri.

Daga baya ƙofa ta buɗe da yawa a Amurka, musamman bayan 1998, aka riƙa ba da fatent a kan dabarun kasuwanci da aka sa a kwamfuta. Shari'ar Alice ta 2014 ce ta ja burki. Kamfanin Alice ya mallaki tsarin da wani amintacce zai tsaya tsakanin masu ciniki biyu, ya tabbatar kowa yana da abin biya kafin a saki kuɗi. Duk wanda ya san yadda dillali mai amana ke riƙe kuɗi a Dawanau har kaya su cika ya san wannan tsohuwar dabara ce. Kotun Ƙoli baki ɗaya ta soke, ta kuma yi awo da tambaya biyu. Shin abin da aka nema tunani ne kawai, irin lissafi ko dabarar ciniki? Idan haka ne, akwai wani ƙari a ciki da ya mayar da shi ƙirƙira? Cewa "a yi shi a kwamfuta" ba ƙari ba ne.

Turai ta bi ta wata hanya ta iso kusa da wuri ɗaya. Yarjejeniyar fatent ta Turai ta 1973, a sashe na 52, ta jera hanyoyin lissafi da manhajojin kwamfuta cikin abubuwan da ba ƙirƙira ba, amma ta ƙara cewa hanin yana kan su ne a karan kansu. A shari'ar Vicom ta 1986 an nemi mallakar wata hanyar tace lambobi cikin sauri. A matsayin lissafi a kan lambobi tsura ba ta shiga ba. Da aka rubuta ta a matsayin hanyar gyara hoto a cikin na'ura, inda lambobin ke wakiltar ɗigon hoto, sai aka karɓa. Har gobe ma'aunin Turai ke nan: wace matsala ta fasaha lissafin ya warware? Matse bayanan sauti ko bidiyo, ɓoye saƙo, sarrafa inji, gyara hoton asibiti, duk suna shiga. Lissafin riba, rabon kaso, tsara farashi, ba sa shiga, domin ba matsalar fasaha ba ce.

Kada a ɗauka iyakar a shimfiɗe take sarai. Kowace manhaja in aka tone ta lissafi ce, kuma an sha ba da fatent a kan abin da malamin lissafi zai rantse nasa ne. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977, tushensa ninka manyan lambobi ne da ɗaukar ragowar rabawa. An rubuta shi a matsayin tsarin sadarwa mai na'urar aikawa da ta karɓa, ya samu fatent a Amurka a 1983, ya ƙare a 2000. Hanyar Karmarkar ta 1984, ta neman rabon kayan aiki mafi dacewa, ta samu a 1988 kuma masana lissafi da dama sun yi ƙorafi. Hanyar matse bayanai ta LZW da kamfanin Unisys ya riƙe ta sa masu manhajar hotunan GIF biyan kuɗi, har mutane suka fusata suka ƙirƙiri wani salon hoto mai suna PNG a tsakiyar shekarun 1990 don su kauce mata. A ganina wasu daga cikin waɗannan sun yi faɗi fiye da kima, kuma ɓarnar da suka jawo hujja ce ga masu cewa a tsaurara.

Yanzu mu dawo gida da misalin da ya shafe mu. Masu casar shinkafa a Kura da cikin birni sun san wahalar busar da shanshera bayan an turara ta. Ana so danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari kafin ta shiga injin casa. In aka busar da ita da gaggawa, bayan ƙwayar ya bushe cikinta da sauran ruwa, sai ta tsattsage, a casa ta fito a karye, farashi ya faɗi. A ce wata injiniya ta samo fomular da ke faɗin daidai lokacin da za a tsayar da iska mai zafi a bar shinkafar ta huta, danshin ciki ya fito waje, sannan a ci gaba. Ga hanya biyu da za a iya rubuta da'awarta, wato jimlolin ƙarshen takarda waɗanda ke shata abin da take cewa nata ne.

Ta farko: hanyar lissafa lokacin hutu, inda ake ɗaukar danshi da zafi a sa su a fomula kaza a fitar da adadin mintuna. Wannan Benson ce da Flook. Mutum yana iya yin ta da biro a bayan ambulan, kuma kotu za ta iya soke ta.

Ta biyu: hanyar busar da turararriyar shanshera a cikin na'ura mai rumbu da fanka da murhu, inda ma'aunin danshi da ke cikin rumbun yake aunawa duk bayan daƙiƙa kaza, ma'aunin zafi yake auna iskar da ke shiga da wadda ke fita, na'urar sarrafawa take lissafa lokacin hutu da fomula kaza, ta rufe ƙofar iska mai zafi idan lokacin ya yi, ta sake buɗewa bayan hutun, ta kashe murhun idan danshi ya kai kashi 14. Wannan Diehr ce. Fomular na ciki, amma abin da aka killace hanyar busar da shinkafa ce.

Da'awa kamar duwatsun iyakar fili take. Abin da ke cikinsu naka ne, abin da ke waje ba naka ba, komai yawan bayanin da ka zuba a shafukan baya. Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne. Wani ya faɗaɗa da'awa har ta haɗiye lissafin gaba ɗaya, kotu ta rushe ta. Wani kuma ya ƙuntata ta, ya rubuta cewa ma'aunin danshi guda uku ne a jere a gefen hagu, maƙwabci ya sa biyu a dama ya wuce abinsa. Maganin shi ne a jera da'awa hawa-hawa: ta ɗaya mai ɗan faɗi amma ɗaure da inji da aikinsa, na bayanta kowace tana ƙara wani takamaiman abu, yadda in ta sama ta faɗi na ƙasa za su tsaya. Sannan doka ta ce da'awa ba za ta wuce abin da bayanin ya ƙunsa ba, kuma bayanin dole ya isa ƙwararre ya yi aikin. Wanda ya ɓoye ainihin lambobin fomularsa don kada a kwafa ya ba abokin hamayya sandar dukansa, domin ƙarancin bayani dalili ne na soke fatent. A sa zanen na'urar, a sa jadawalin matakai, a sa sakamakon gwaji: buhu nawa aka busar, kashi nawa ya karye da tsohuwar hanya, kashi nawa da sabuwa.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci ga ɗan Najeriya, kuma shi ne aka fi jahilta. Ofishin rajistar da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja ba ya binciken ko abinka sabo ne, ko akwai basira a ciki, ko ma lissafi ne zalla. Sashe na 4 ya taƙaita aikin magatakarda ga duba cikar takardu: suna da adireshi, bayani da zane, da'awa, kuɗin rajista, takardar wakilci in lauya ne ya shigar, da kuma cewa ƙirƙira ɗaya ce a cikin buƙatar. In sun cika sai a ba ka, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa an ba ka ne bisa kasadarka, babu lamunin ingancinta. Ma'ana, mai manhajar gado ma yana iya dawowa daga Abuja da takarda mai hatimi. Ranar da ya kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke da hurumin irin wannan shari'a, lauyan wancan zai nemi a soke fatent ɗin a ƙarƙashin sashe na 9, kuma in an soke, kamar ba a taɓa bayarwa ba ne tun ranar farko. Don haka binciken da gwamnati ba ta yi maka ba, kai za ka yi wa kanka tun kafin ka kashe kuɗi. Rumbunan Google Patents da Espacenet da Patentscope kyauta ne a intanet. A nema da kalmomin matsalar, a karanta da'awowin abin da ya fito, a duba takardun da su ma suka ambata. Hukumar bunƙasa fasaha ta NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa 'yan ƙasa masu ƙirƙira wajen bincike da shigar da takardu, kuma ta buɗe ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'i da dama.

Sai maganar baki. Sabo a dokar Najeriya yana nufin ba a taɓa bayyana abin ga jama'a ba a ko'ina a duniya, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi, kafin ranar shigar da takarda. Bayyanawar da kai da kanka ka yi ma tana kashe shi. Kundin digiri da aka ajiye a laburaren jami'a, maƙala a mujalla, bidiyon injin yana aiki da aka sa a Facebook ko TikTok, sayar da guda ɗaya ga mai casa a Kura, duk sun isa. Rangwamen da dokar ta yi ɗaya ne, na nuna abin a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi cikin wata shida kafin shigarwa. Masu RSA kansu sun ɗanɗana wannan: an buga bayanin tsarinsu a mujalla a watan Agusta 1977, suka shigar da takarda a Disamba. Amurka tana yafe shekara ɗaya, suka samu a can, amma ƙasashen da ba sa yafewa sun kuɓuce musu. Malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Wudil, don Allah a shigar da takarda tukuna, sannan a buga. In dole ne a nuna wa maƙeri ko mai zuba jari, a sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin a buɗe zane. A kuma tuna cewa wanda ya riga shigarwa shi doka ta sani, kuma abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, ko da yake dokar ta tanadar masa lada a wasu halaye.

To mai manhajar gado fa, ya tashi a tutar babu ke nan? A'a. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutun manhaja kamar yadda take kare littafi, daga lokacin da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba, har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Wanda ya kwashe rubutunsa ya sauya suna ya ɗora a kasuwar manhajoji ya taka doka. Wanda ya zauna ya rubuta nasa daga tushe da ƙa'idojin fara'id ɗin nan dai bai yi laifi ba, domin wannan doka ma ba ta kare tunani ko hanya ko ƙa'ida. Yin rajista da Hukumar Haƙƙin Mallaka yana da amfani wajen kafa hujjar ranar da aka rubuta. Sunan manhajar da tambarinta kuma a yi musu rajistar alamar kasuwanci, shekara 7 a karon farko, sabuntawa shekara 14. Idan akwai wata dabarar lissafi da ta sa manhajar ta fi ta kowa sauri, sau da yawa ya fi a bar ta a kan babbar kwamfutar kamfani, wayar mai amfani tana aiko da tambaya tana karɓar amsa, ba tare da an saki dabarar ba. Sirri ba shi da wa'adin shekara 20, sai dai in wani ya gano shi da kansa ba ka da ta cewa.

Wanda ya samu fatent na gaske, irin na injin busar da shinkafa, akwai kuɗin shekara-shekara da zai riƙa biya. In ya makara yana da wata shida na alfarma tare da tara, bayan nan fatent ya mutu. In kuma ya ajiye takardar a durowa bai ƙera komai ba, bayan shekara huɗu da shigarwa ko uku da bayarwa, duk wanda ya fi jimawa, wani yana iya roƙon kotu ta ba shi lasisin dole, wato izinin ƙera abin ko da mai fatent bai yarda ba. Sannan takardar Abuja a iyakar Najeriya take tsayawa. Kayan Kano kuwa Maraɗi da Damagaram suke tafiya, kuma Nijar tana cikin ƙungiyar mallakar fasaha ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda buƙata ɗaya ke rufe ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi da Benin. Najeriya ba ta ciki. Yarjejeniyar Paris ta ba mai nema wata 12 daga ranar da ya shigar a gida ya shigar a waje da wannan ranar ta farko. Tun 2005 kuma Najeriya ta shiga yarjejeniyar haɗin gwiwar fatent ta duniya, PCT, wadda ke jinkirta zaɓen ƙasashe har wata 30, ta kuma kawo rahoton bincike daga ƙwararrun masu duba fatent, irin binciken da ofishinmu ba ya yi. Wannan rahoto shi ne zai fara nuna wa injiniyar ko da'awarta ta ɗaya za ta iya tsayawa a gaban alƙali.